Yadda ake tantance ruwan ƙasa da wurin haƙa foraj kafin a kawo wa gari famfo

Tambaya guda ce take ta maimaituwa daga jami'an ƙananan hukumomi, ƴan kwamitin ruwa da ƙungiyoyin ƴan gari mazauna waje: an samu alkawarin kuɗi, ana son shato, wato babban tankin ruwa mai tsayi, da famfo a kowace unguwa, to a ina za a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, kuma ta yaya za a san ruwan zai ɗauki garin? Wasu ma sai bayan sun zaɓi fili kusa da meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ko bakin kasuwa suke tambaya. Amsar ba ta shiga saƙon waya, shi ya sa na jera matakan a nan bi da bi, daidai da ƙasarmu ta jihar Maradi. Jerin yana da dalili. Matakan farko ba su cin kuɗi sosai, na ƙarshe su ne masu tsada, kuma ba a sa hannu a kan shato ko tiyo ko guda sai an ga sakamakon gwajin jan ruwa da na lafiyar ruwa a rubuce.

1. Ku fara sanin yawan ruwan da kuke nema

Kafin kowa ya taka daji, a zauna da takarda da biro. Ana buƙatar adadin mutanen garin, a ƙara da yadda za su yawaita nan da shekara 15 ko 20. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, ma'ana gari kan ninka kansa cikin shekara 18 ko kusa da haka.

Ga misalin lissafi. Gari mai mutum 20,000 yau zai kai kusan 35,500 nan da shekara 15. Idan aka ba kowa lita 30 a rana, ana neman mita kub 1,065. Mita kub ɗaya lita 1,000 ce, wato tano biyar. A ƙara kashi ɗaya bisa biyar saboda yoyon tiyo, kasuwa, makarantu da gidan likita, a tashi da kusan mita kub 1,280 a rana. In injin zai yi aiki awa 16, dole a samu mita kub 80 a kowace awa. In kuwa hasken rana kaɗai aka dogara da shi, wanda bai wuce awa bakwai na aiki mai ƙarfi ba, adadin zai haura mita kub 180 a awa. Wannan lamba ita ce za ta gaya muku ko foraj ɗaya kuke nema ko uku ko huɗu.

Hattara: lita 20 a rana ga mutum ɗaya da ake yawan ambata ma'aunin ƙauye ne, inda ake ɗiba da bido a famfon unguwa. Da zarar tiyo ya shiga gidaje, sha da wanki da wanka sukan ƙaru ƙwarai. Kada kuma a manta da dabbobi. Saniya na shan lita 30 zuwa 40 a ranar zafi, akuya ko tunkiya kusan lita 5, kuma garin da ke kan burtali yana shayar da garken da ba nasa ba tun daga Maris har ruwa ya sauka.

2. Ku tattara abin da aka riga aka sani

Ba ku ne na farko da za ku huda ƙasar nan ba. Ofishin ma'aikatar ruwa na jiha da na gunduma suna ajiye takardun rijiyoyi da foraj da aka haƙa: zurfinsu, irin ƙasar da aka ratsa, inda ruwa ya tsaya, yawan da aka ja a gwaji, wani lokaci har da sakamakon labo, wato ɗakin gwajin ruwa. Ku nemi na duk wanda ke cikin kilomita 10 zuwa 15 daga garinku. In garin yana cikin waɗanda kamfanin SPEN na gwamnati, mai riƙe da kayan ruwan birane, ke kula da kayan ruwansu, da su za a fara magana tun farko. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maradi ma wuri ce da za a tambayi malaman da suka karanci ƙasar yankin.

Ku nemi takardun foraj ɗin da suka mutu ko aka rufe su da gangan. Su suka fi koyarwa, kuma su ne ba a cika son fitarwa ba. Me ya kashe shi? Yashi, ko zartsi, ko ƙafewa, ko wani abu da labo ya gano?

Daga nan sai a koma wajen tsofaffin masu haƙar rijiya, domin da tsohuwar zuma ake magani. A je da goro, a gaisa yadda ya kamata, sannan a yi tambaya dalla-dalla: "Baba, rijiyar gabas gaba nawa kuka yi kafin ku tarar da ruwa? Me kuka fara fasawa, marmara ko yumɓu? Wace ce ba ta taɓa ƙafewa ba ko a shekarun fari?" Matan da ke jan guga da ƴan garuwa sun san wace rijiya ke da garɗi, wace ke ɓata shayi, wace ke sa farin tufafi ya yi ja. Duk abin da suka faɗa a rubuta, a ɗauki wurin kowace rijiya da GPS na waya, a auna nisan ruwa daga baki da igiya mai ma'auni.

Hattara: awon da aka yi a watan Satumba yaudara ne, lokacin ƙasa ta ƙoshi. Awon da ake gina lissafi a kansa shi ne na ƙarshen bazara, Afrilu zuwa farkon Yuni.

3. Ku gane irin ƙasar da garinku ke zaune a kai

A jihar Maradi, a taƙaice, ruwan ƙasa iri uku ne, kuma kowanne da halinsa da kuɗinsa.

Na farko shi ne na kwarin gulbi: Gulbin Maradi da ke shigowa daga ƙasar Katsina ya bi ta Madarunfa da Maradi da Tibiri da Gidan Runji, da Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi, da kwarin Tarka a arewa. A nan yashi da tsakuwa ne suka taru, ruwa yana kusa, haƙa ba ta da tsada, kuma damina na sabunta shi. Illarsa ita ce abin da ke sama ba ya daɗewa bai iske shi ba, ko salga ce ko takin zamani. Yana kuma hawa da sauka da shekara. Ruwan Gulbin Maradi ya danganta da abin da ya sauko daga Najeriya, inda madatsar Jibiya take, ga kuma masu lambu da ke ja da injuna duk rani.

Na biyu shi ne na zurfi, cikin tsohon dutsen yashi da ya shimfiɗu ƙarƙashin mafi yawan jihar, wanda masana ƙasa ke kira Kontinantal Hamadiyan. Shi ne ya fi dacewa da babban gari saboda yalwa da rashin damuwa da farin shekara guda, kuma shimfiɗun yumɓu na kare shi daga ƙazantar sama. Sai dai kowace mita kuɗi ce, kuma a kan tudun Dakoro da Mayahi, inda ko rijiyar hannu kan haura mita 50, kuɗin ɗaga ruwa zuwa sama zai bi ku muddin famfon na aiki. A wannan ruwa na zurfi ne kuma ake tsoron fuluwor, wani sinadari da yawansa ke ɓata haƙora da ƙashi, zan dawo kansa a mataki na 9.

Na uku shi ne kudancin Madarunfa wajen iyaka, irin su Dan Isa, inda dutse mai tauri ya taso kusa da sama. Dutsen nan ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. Foraj biyu da ke nesa da juna da taku ɗari, ɗaya na iya ba da ruwa ɗaya ya fito a bushe. Garin da ke kan irin wannan ƙasa ya shirya wa foraj da yawa masu ƙaramin ruwa, ko ya nemo ruwa daga kwari ya jawo shi da dogon tiyo.

4. Ku zaga da ƙafa, ku fitar da wurare uku

Kwamiti, injiniyan ruwa da wakilin mai gari su fita tare. Manufar ita ce a dawo da wurare uku aƙalla, a jere bisa fifiko. Wuri ɗaya tak ba zaɓi ba ne.

A kowane wuri a duba abin da zai iya gurɓata ruwa: salga da masai, juji, maƙabarta, mahauta, majema, marina, gidan mai, garejin da ake zubar da baƙin mai, mashayar dabbobi, da gonakin noman rani irin na Jiratawa inda ake zuba taki da maganin ƙwari. Mita 30 da ake yawan ambata tsakanin rijiya da salga ita ce mafi ƙanƙanta, kuma an yi ta ne don rijiyar gida. Foraj da zai ja mita kub 30 a awa dare da rana yana janyo ruwa daga nesa, don haka a cikin yashin gulbi ni ba na yarda da ƙasa da ƴan ɗaruruwan mita. Wurin ya kasance ta sama da gari, wato ta inda ruwan ƙasa ke fitowa kafin ya ratsa ƙarƙashin gidaje. Awon rijiyoyin da kuka yi a mataki na 2 shi zai nuna wa injiniya ta ina ruwan ke gangarawa.

A tambayi inda gari ke dosa. Filin da yau gonar gero ce, in an riga an yanka fulotai kusa da shi, nan da shekara biyar salga ce za ta kewaye shi. Wanda ya ga yadda Maradi ta bazu cikin ƴan shekarun nan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuya: babbar motar haƙa za ta iya shiga? Layin wutar kamfanin NIGELEC yana kusa, ko sai an kafa allunan hasken rana da gurup, wato injin ba da wuta? Mita nawa ne zuwa tudun da za a kafa shato?

Hattara: ambaliya. A nemi alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin itatuwa da katangu, a tambayi manoman wurin inda ya tsaya a daminar 2024. Foraj da gulbi ya hau kansa ya sha ƙazanta ta baki. In dole sai a kwarin za a haƙa, a ɗaga bakinsa da ɗakin injinsa sama da wannan alama.

5. Ku kammala maganar fili kafin mota ta iso

Wannan mataki gajere ne, amma ya tsayar da ayyuka da yawa. Ko sayen filin aka yi ko kyauta aka bayar, a rubuta a gaban hukumar kula da filaye ta ƙaramar hukuma, wato COFOCOM, da sa hannun mai gari da magada duka, ba babban wa kaɗai ba. Filin ya wadatar da shinge da ɗakin inji da allunan rana, har da gurbin foraj na biyu. Dokar ruwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Afrilu 2010, ta tanadi neman izini ko sanar da hukuma kafin irin wannan haƙa, ta kuma tanadi kewayen kariya ga wuraren ɗibar ruwan sha. Ofishin ruwa na gunduma zai faɗa muku takardun da suka shafi girman aikinku.

Hattara: kyautar fili ba dalilin haƙa ba ce. Haka ma son ran wani babba da ke so a ga foraj a ƙofar gidansa. A gode masa, a sa wurinsa cikin waɗanda za a auna, awo ya yanke hukunci.

6. Awon ƙasa da na'ura

Masu wannan aiki suna kafa ƙarafa a ƙasa, su tura lantarki, su auna yadda ƙasar ke hana shi wucewa. Yumɓu da ruwan zartsi suna barin lantarki ya wuce da sauƙi, busasshen yashi da dutse mai tauri suna tare shi, yashi mai ruwa mai daɗi yana tsakani. Awo iri biyu ne: wanda ake bi a layi don gano tsaga ko tsohuwar hanyar gulbi da ta binne, da wanda ake tsayawa wuri guda ana buɗa wayoyi don a leƙa zurfi.

A ƙasar dutse ta kudu, haƙa ba tare da wannan awo ba zubar da kuɗi ne. A kwarin gulbi yana taimakawa wajen gano inda tsakuwa ta fi kauri. A kan dutsen yashi mai zurfi kuwa, takardun tsofaffin foraj sukan fi shi amfani.

Ku nemi rahoto a rubuce mai ɗauke da lambobin GPS, zanen awon, zurfin da ake hasashe da jerin fifiko. A kafa turke na siminti a kowane wuri, domin na itace yara ko masu noma za su cire shi, mai haƙa kuma ya kafa motarsa inda ya fi masa sauƙi.

Hattara: na'urar nan ba ta ganin ruwa, ba ta faɗin yawansa, ba ta san fuluwor ba. Duk wanda ya ce muku ya ba da tabbacin mita kub kaza a awa daga awon sama kawai, ku riƙe kuɗinku. Kuma mai awo ya zama daban da mai haƙa.

7. Kwangila da haƙar gwaji

Ku karɓi ƙiyasin kuɗi daga kamfani uku ko fiye, kowanne a rarrabe: kawo mota da mayar da ita, haƙa a kan kowace mita, bututun rufi a kan mita, bututu mai tsaga da ruwa ke shiga ta cikinsa, tsakuwar tacewa, siminti, wanke foraj a kan awa, gwajin ja a kan awa, da labo. Ƙiyasin da ya zo da dunƙulallen adadi guda ba a iya kwatanta shi da komai. Kuɗin awon sama da na labo ƙanana ne in aka gwada su da na haƙa, na haƙa kuma sau da yawa bai kai na shato da tiyon da zai zaga gari ba. Saboda haka rage kuɗi a gwaji don a ƙara tsawon tiyo babban kuskure ne. Araha ba ta ado.

Kwangilar ta fayyace abu uku: me ake kira foraj da bai yi nasara ba, nawa za a biya idan hakan ta faru, da kason da za a riƙe, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, har shekara ta zagayo.

A yashi da yumɓu ana haƙa da injin juyawa da kwaɓaɓɓiyar laka. A dutse mai tauri ana amfani da guduma mai aiki da iska. Kamfanin da ba shi da kayan da suka dace da ƙasarku kada ya koyi aiki a kanku.

Dole gari ya sa nasa mai sa ido, masani, wanda zai kwana a wurin. Ayyukansa: ya ɗebi samfurin ƙasa a kowace mita ya jera a akwati da lamba, ya ƙirga sandunan haƙa da idonsa tun da da mita ake biya, ya ƙirga bututun da aka zura. Kafin a zura bututu, a foraj mai zurfi, a saukar da na'urar awo cikin ramin don a san daidai inda yashi mai ruwa yake, a sa masu tsaga a daidai nan. Tsakuwar tacewa ta zama wankakkiya, mai girma ɗaya, wadda ta dace da ƙwayar yashin wurin, ba tsakuwar gini da aka kwaso a bakin hanya ba. Mita biyar zuwa shida na sama a cike su da siminti. Idan an ratsa ruwan sama mai ƙazanta kafin a kai na zurfi, a toshe tsakaninsu da yumɓu ko siminti don kada su haɗu.

Bayan haka a wanke foraj da iska har ruwa ya fito garau. A tara lita 10 a bokiti, a juya, a bari ya kwanta. In yashin da ya taru a tsakiya ya fi faɗin santimita ɗaya, wanki bai ƙare ba.

Hattara: ruwan da ke feshi sama lokacin wanki, wanda jama'a ke taruwa suna kabbara ana ɗaukar hoto, ba shi ne ma'aunin foraj ba. Iska ce ke tunkuɗo shi. Kada a kira biki ranar.

8. Gwajin jan ruwa

Nan ne ake sanin gaskiyar foraj, kuma nan ne aka fi yin ha'inci, domin yana cin mai da kwana. Kayan aiki: famfon da ake zurawa cikin ruwa, gurup da isasshen mai, igiyar awo mai ƙara idan ta taɓa ruwa, agogo, mitar ƙirga ruwa ko tano mai sanannen girma, da takardar rubutu. A bar foraj ya huta aƙalla kwana ɗaya bayan wanki, a auna inda ruwa ya tsaya.

Gwajin farko hawa-hawa ne, mataki huɗu, kowanne awa ɗaya ko biyu. Misali a ja mita kub 10 a awa ruwa ya sauka mita 2, a ja 20 ya sauka 4.5, a ja 30 ya sauka 7, a ja 40 ya faɗa mita 15. Kun ga daga 10 zuwa 30 saukar na tafiya daidai, a 40 kuwa ta zarce. Wannan foraj iyakarsa na kusa da 30, kuma hankali shi ne a riƙa jan 25.

Gwaji na biyu dogo ne, a ja adadi guda ba tsayawa. Don ruwan gari a nemi awa 72. Ana auna saukar ruwa kowane minti a farkon, sannan kowane minti biyar, sannan rabin awa, sannan awa-awa. A lokaci guda a riƙa auna rijiyoyi da foraj na maƙwabta. In rijiyar masu lambu ta sauka sosai, gara a sani yau a yi sulhu da a ji a gaban alƙali. Wannan awon ne kuma zai nuna tazarar da za a bari tsakanin foraj da foraj, domin biyu da suka matsu suna satar ruwan juna.

Da an kashe inji, aiki bai ƙare ba. A ci gaba da auna yadda ruwa ke dawowa har ya kusa inda ya fara. Wanda ya dawo cikin ƴan awoyi yana da gindi. Wanda kwana ya wuce bai dawo ba, ƙaramar taska ce kuke kwashewa, ko da ya yi ƙarfi a ranar farko.

Hattara: ruwan da ake fitarwa a kai shi nesa da tiyo, mita 100 ko fiye, ta gangare. In aka zubar da shi a gindin foraj a cikin yashi, zai koma ƙasa a sake jan sa, lissafi ya fito da kyau na ƙarya. In gurup ya mutu a tsakiyar gwaji, a jira ruwa ya dawo a sake daga farko. In kuma an yi gwajin bayan damina, injiniya ya rage abin da ruwan zai sauka a bazara kafin ya faɗi adadin da za a riƙa ja. Famfon dindindin a rataye shi ƙasa da inda ruwa ke sauka, amma ba a cikin bututu mai tsaga ba.

9. Gwajin lafiyar ruwa

Duk mutumin jihar nan ya san abin da ya faru a Tibirin Gobir. A shekarun 1980 aka haɗa garin da foraj mai zurfi. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗanon komai. Shekaru suka wuce ana sha, sai aka ga yara suna tasowa da haƙora masu tsatsa, wasu ƙafafunsu sun lanƙwashe. Da aka auna, fuluwor ɗin da ke cikin ruwan ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a lita, har sau uku ko fiye. Waɗannan yara yanzu manya ne, suna nan tare da mu, kuma ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa. Fuluwor ba a ganinsa, ba a jin sa a baki, tafasawa ba ta fitar da shi, sinadarin kulor da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi ma ba ya taɓa shi. Awo kaɗai ke nuna shi. Ina roƙon duk wanda zai sa hannu a takardar karɓar foraj, ya nemi layin fuluwor a sakamakon labo da idonsa. In babu layin, ba a gwada ba, kada ya sa hannu.

Ana ɗibar samfur a ƙarshen dogon gwajin ja, lokacin da ruwan asalin ƙasar ne ke fitowa. Na sinadarai a kwalba mai tsabta da aka ɗauraye sau uku da ruwan foraj ɗin, a cika ta fal. Na ƙwayoyin cuta a kwalbar da labo ya bayar, a sa cikin kula mai ƙanƙara, a kai cikin awa shida in da hali, kada ya wuce kwana ɗaya. Zafin ruwa da tsaminsa da yawan gishirinsa a auna su nan take a bakin foraj.

Bayan fuluwor, ga abin da za a duba. Sinadarin nitirat kada ya wuce miligiram 50 a lita. Yawansa alama ce ta salga ko taki, kuma jarirai yake fi cutarwa. Arsenik, sinadari mai guba, kada ya wuce miligiram 0.01 a lita. Ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Ƙarfe in ya haura miligiram 0.3 ba ya kisa, amma yana rina tufafi da tuwo, mata su guje shi su koma tsohuwar rijiya, aikin ya tashi a banza. Ma'aunin tsami, wato pH, in ya yi ƙasa da 6.5, ruwan zai ci bututun ƙarfe, sai a zaɓi na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Hattara: samfur ɗaya bai isa ba. A raba shi biyu a kai labo biyu, kuma wakilin gari ne zai kai, ba ɗan kwangila ba. A maimaita a tsakiyar damina, musamman ga foraj na kwari. In fuluwor ko nitirat ya wuce iyaka, mafita ita ce a koma wuri na biyu, ko a toshe shimfiɗar da ke kawo shi, ko a gauraya da ruwan wani foraj mai ƙarancinsa bisa lissafin masani da awo a kai a kai. Injin tacewa yana nan, amma ƙaramin gari ba kasafai yake iya ɗaukar kuɗin kula da shi ba.

10. Yanke shawara, kariya da bibiya

Yanzu ne ƙaramar hukuma za ta zauna da takardu a gabanta. A kowane wuri a rubuta adadin da za a iya ja a bazara, sakamakon labo, zurfin da za a ɗago ruwa daga gare shi, tsawon tiyo zuwa shato, da haɗarin da ke kewaye. Lafiyar ruwa ce ta farko, wurin da ya faɗi a nan an cire shi ko da ya fi kowanne ruwa. Sannan yawa. Sannan kuɗin da kowace mita kub za ta ci a wuta ko mai ko gyara, domin shi ne zai koma kan mai sayen bido. Foraj mai nisan kilomita uku da ruwa a kusa yana iya fin na cikin gari mai zurfi sauƙi idan aka lissafa shekara 15.

A misalinmu na mita kub 80 a awa, in kowane foraj na ba da 30, ana buƙatar uku, in 25 ne kuwa huɗu, da ƙarin ɗaya na ajiya. Garin da ya rataya a kan foraj ɗaya, ranar da famfonsa ya ƙone a watan Afrilu kowa zai koma tafki.

A zuba daɓen siminti mai gangara waje a bakin foraj, a rufe kansa, a kewaye da shinge mai ƙofa da makulli. Mashayar dabbobi a kai ta nesa. Ƙaramar hukuma ta fitar da doka a rubuce da ta hana salga, juji, gidan mai da yanka fulotai a cikin kewayen da injiniya ya shata, a sanar da masu unguwanni. Foraj ɗin gwaji da ba a yi amfani da shi ba, ko dai a cike shi da siminti, ko a sa masa murfi mai makulli ya zama wurin auna ruwa. Buɗaɗɗen rami hanya ce kai tsaye daga juji zuwa ruwan da gari ke sha.

A sa mitar ƙirga ruwa a bakin kowane foraj, da ƙaramin bututun da igiyar awo za ta bi. Mai kula da inji ya riƙa rubuta awoyin aiki da adadin da aka ja kullum, da zurfin ruwa sau ɗaya a wata. Labo kuma sau biyu a shekara, bazara da damina, fuluwor da nitirat a ciki kowane karo. Kafin a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe, ya miƙa cikakken kundi: zanen ƙasar da aka ratsa, inda aka sa kowane bututu, takardun gwajin ja da sakamakon labo. A yi kwafi uku, ɗaya a meri, ɗaya a ofishin ruwa na gunduma, ɗaya a hannun wanda zai gudanar da famfon.